Takardar da Ta Shiga Firam Ba Gardama

Jama'ar wannan shafi, na ga saƙonninku. Wasu sun ce na cika zafi a kan yaron nan mai neman 'yata, wata baiwar Allah ma ta rubuto cewa ni ne irin uban da ke korar wa 'yarsa miji da sanda. Na gode, Allah ya bar zumunci. Ku dai ji abin da ya faru a sati biyun nan tukuna. Amma tun da wuri ina faɗa muku, ni ma da nawa laifin a ciki, kuma ba ƙarami ba.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sana'ata yankan gilashi da haɗa firam. Shekara talatin da ɗaya ina shago ɗaya, da tebur ɗaya da na shimfiɗa wa tsohon bargo don kada gilashi ya karce. Hoton aure, hoton mamaci, takardar gama makaranta, lambar yabo, duk ta hannuna suke bi kafin su hau bango. 'Yata ta ƙarshe shekararta ashirin da takwas. Inci nake ce mata, don tun tana ƙarama ita ke riƙe mini bakin tef in ina awo. Tana aiki a ofishin lissafi na wani kamfani mai rarraba magunguna, takwas na safe zuwa biyar na yamma. Kuma shekara shida ke nan tana bin jarrabawar ƙwararrun akantoci, wadda in mutum ya gama ƙungiyarsu ke ba shi takarda, sa hannunsa ya zama yana da nauyi ko'ina.

Jarrabawar ɗaya bayan ɗaya ake cin takardunta. Inci ta cinye duka sai guda. Sau biyu gudar nan tana kayar da ita, na biyun da maki biyu kacal. Ga kuma inda muguntar take: suna da wa'adi. In ya cika ba ka gama ba, takardun matakin ƙarshe da ka riga ka ci sai su mutu, ka koma ka sake su. Wa'adin Inci zaman wannan watan ne. Ta zauna ta ci, ta huta. Ta ƙi zama, wahalar shekaru ta bi ruwa.

Ni na ga wahalar da idona. Kafin asuba tana kan teburin kicin da littattafai masu kaurin bulo. A cikin bas tana karatu a tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da waya. Lokacin cin abinci a ofis, in abokan aikinta sun fita, sai ta shige sito ta zauna kan kwalin magani ta buɗe littafi. Madubin ɗakinta, wanda ni na yanka mata da hannuna, ta lulluɓe shi da ƙananan takardu masu liƙewa har ba ka ganin fuskarka sai ido ɗaya.

Sai ga Mai Kwat.

Bara aka canjo shi garin, yana aiki a ofishin wani kamfanin sufuri. Ya je wajen su Inci da wasu takardu, ya gan ta, ya biyo. Kwat ruwan toka ko da rana na dafa ƙwai, taye mai ɗigo-ɗigo, takalmi mai tsinin baki, turaren da ke riga shi shiga gida ya kuma kwana bayan tafiyarsa. Ya ce mana shekara huɗu ke nan da ya gama wannan jarrabawar. Maiɗakina tun ranar ta daina kiransa komai sai Yallaɓai. Yayata kuwa, wadda tun rasuwar mijinta ta mai da falonmu majalisarta, cewa ta yi irin wannan mijin sau ɗaya yake ƙwanƙwasa ƙofa.

Ni fa? Ranar farko ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Barka da hutawa, Injiniya." Ni mai yankan gilashi. Wallahi na ji daɗi. Gemuna ya yi fari, na ga 'yan damfara iri-iri a bakin shagona, amma kalma ɗaya ta saye ni. Ku rubuta wannan a cikin laifina.

Ranar wata Laraba da yamma na dawo na tarar an kafa zama. Yaya a kan doguwar kujera ta miƙe ƙafa, maiɗakina riƙe da waya, Inci a tsaye jikin ƙofa da jakar ofis a kafaɗa, ko mayafi ba ta cire ba.

"Yawwa, ga ubanta nan," in ji Yaya. "Kunna masa ya ji."

Maiɗakina ta danna. Muryar Mai Kwat ta fito, a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya.

"Mama, barka da yamma. Na yi magana da manyana, sun ce Asabar ta bayan sati biyu da safe za su zo a tsayar da rana. Ni ba zan samu zuwa ba, ina da taro a ofis, amma ya kamata ita ta kasance a gida ta gaishe su. Batun jarrabawar kuma, Mama, ni da na ci takardar nan na san ta ciki da waje. Na duba aikinta, ba ta shirya ba. Ta bari kawai. Bayan aure ni zan zaunar da ita in koya mata."

"Asabar ɗin ce ranar jarrabawata," Inci ta ce. "Kuma babu zama na gaba, Gwaggo. Na faɗa masa. Wa'adina ne."

"Akwai na biyu," in ji uwarta, ta sake dannawa.

"Wa'adi kuma kada ya dame ku. Ina da mutane a ƙungiyar. Waya ɗaya zan buga a ƙara mata."

Yaya ta tafa hannu. "To kin ji! Waya ɗaya. Ke kina nan kina ƙona idonki shekara shida, ga mutum yana da su a aljihu. Akanta nawa ake buƙata a gida ɗaya? Ko so kike ku riƙa binciken juna a kan kuɗin cefane?"

"Gwaggo, ba a ƙara wa'adi da waya."

"Ke kika sani ko shi? Wanda ya haye da wanda ke faɗuwa, wa za a saurara?"

Maganar nan ta doki Inci, na gani a fuskarta. Ta juyo ta dube ni. Ni kuma, Injiniya, na gyara zama na ce, "Inci, ki saurari manya. Wanda ya riga ki ya fi ki sanin hanya."

Ta shiga ɗaki. Washegari da asuba na fito ban ga haske a kicin ba. Na leƙa ɗakinta bayan ta tafi aiki, na tarar madubin fes, ba takarda ko ɗaya, littattafan kuma a cikin kwali ƙarƙashin gado. Da yamma na ce mata, "Ina karatun?" Ta ce, "Baba, in shi da ya ci ya ce ban shirya ba, wataƙila ban shirya ɗin ba." Tana faɗa tana duban waya, tana ɗan murmushi ga wani saƙo da ya turo. Son shi take, kada ku yi shakka. Wannan ne ya sa abin ya fi ciwo.

Dabarar rataye takardarsa ta Yaya ce. Ta ce ranar da manyansa za su zo, ya kamata dangi da maƙwabta su shigo su ga wane ne surukinmu a bango. Shi ma bai yi gardama ba. Ranar Alhamis ta satin da ya biyo, saura kwana tara, ya faka mota a ƙofar shagona, ya shigo da babban ambulan a hammata.

"Injiniya, ga 'yar takardar tamu. A yi mata firam na alfarma, mai ruwan zinare."

"Ba komai, ɗana. Zauna."

Bai zauna ba, yana tsoron ƙurar katako. Na goge hannuna na zaro takardar. Rubutu da ado, tambari ja a ƙasa, sunansa da manyan baƙaƙe. Kyakkyawa ce, ba laifi. Na miƙa hannu ba tare da tunani ba na ɗauko firam daga cikin waɗanda ake kawo mana haɗaɗɗu, don in gwada masa launin zinaren. Na sa takardar. Ta shige ta zauna daram, kamar don ita aka yi.

Nan na gane akwai matsala.

Bari in yi muku bayani, don ba kowa ya sani ba. Takardar wannan ƙungiyar ba ta taɓa shiga haɗaɗɗen firam ba. Ta fi takardar ofis tsawo da faɗin yatsa ɗaya da ɗan ƙari. Duk mai sana'armu ya san ta, don ita ce ke ɓata mana rai: dole ka yanka katako, ka yanka gilashi na musamman, mai ita kuma ya tsaya yana cinikin kuɗin aiki kamar zai sayi gida. Na yi wa irinta firam sun fi arba'in. Har wani guntun falanki na yanka daidai girmanta na rataye a ƙusa bayan ƙofa, don kada in riƙa awo kullum.

Na zaro takardar na juya ta. Na shafa bayanta da babban yatsa, daidai inda tambarin yake. Ta gaske da ƙarfe ake danna hatiminta, in ka shafa baya za ka ji ramin. Wannan sumul, kamar tafin jariri. Na ɗaga ta sama na kaɗa. Ta gaske tana da nauyi, ba ta rawa. Wannan ta yi fal-fal kamar takardar gayyata.

Ban iya karanta turancin da ke jiki ba. Amma takarda ba ta yi mini ƙarya.

"Lafiya, Injiniya?"

"Lafiya lau. Kyanta nake kallo. Hannu da hannu suka ba ka?"

"A babban taro, gaban jama'a. Har shugaban ya ce bai taɓa ganin maki irin nawa ba."

"Allah sarki. Ba ta lanƙwasa ba kuwa a hanya."

"Ai ina kula da kayana."

Na ce ya dawo Litinin. Da ya fita, na sauko da falankin nan na ɗora takardar a kai. Ga katako ya leƙo a ƙasa, faɗin yatsa ɗaya da ɗan ƙari. Na zauna a kan benci ina kallon gibin nan har wani mai ɗaukar madubi ya yi sallama sau uku ban ji ba.

Wata dabara ce da ba ta da ko wahala. Ya samu hoton takardar wani, an canja suna, an buga masa a shagon kwamfuta a kan takarda mai ɗan kauri. Da ya kai ta ofis, ko gaban Yaya, ko gaban duk mai digiri a garin nan, da sun karanta rubutun sun ce madalla. Shi mai wayo, cikin duk mutanen duniya, sai ya kawo wa mai firam.

To ga laifina na biyu. Ban faɗa wa kowa ba.

Na yi niyya. Na dawo gida da maganar a bakina, na tarar Inci tana guga tana waƙa ƙasa-ƙasa. Na ce a raina, in na fasa wannan ƙwan yau, yarinyar nan kuka za ta yi kwana tara, ta shiga jarrabawa da kumburarren ido, in ma ta shiga. Wannan dalilin da nake ba kaina ke nan. Ɗaya dalilin, wanda sai yau nake faɗa, kunya ce. Yaya zan dubi 'yata in ce mutumin da na ce ya fi ta sanin hanya, ko bakin hanyar bai kai ba?

Sai na yi abin da na iya. Na shiga ɗakinta na jawo kwalin nan, na kinkimo shi har teburin kicin na dire.

"Za ki zauna jarrabawar nan."

"Baba, ai kai ka ce..."

"Na ce, yanzu kuma na janye. Bakina ne."

Maiɗakina ta fito da ludayi a hannu. "Malam, me ya same ka? Baƙin fa?"

"Wajena za su zo ko wajenta? Su zo da yamma."

"Yallaɓai ya ce da safe!"

"Yallaɓai ba shi ya haife ta ba."

Kafin minti goma an kira Yaya. Ta iso tana haki, mayafi a karkace. "Kai, ƙanena, tun kana yaro haka kake. Ka ga alheri ka sa masa ƙafa. Yarinya ta kusa talatin, ƙawayenta na kai 'ya'ya makaranta, ita tana kai kanta. In ta sake faɗuwa fa? Ba takarda, ba miji!"

"In ta faɗi a ɗakin jarrabawa, ta faɗi tana faɗa, Yaya. Ba zan bari ta faɗi a falon uwarta tana zuba wa baƙi ruwa ba."

Inci ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba. Ta ce a hankali, "Kwana tara, Baba. Na yi kwana takwas ban buɗe littafi ba."

"Shekara shida kina buɗewa. Ba su gudu ba."

Ta nemi hutun kwana uku a ofis, shugabarta ta ba ta biyu tana ƙunƙuni. Takardu suka koma jikin madubi. Wayarta kuwa ba ta huta ba. Wata safiya ta ajiye ta kusa da kofin shayina, saƙo ya shigo, na karanta da ɗan abin da na iya: "Ban zaci za ki fifita takarda a kaina ba." Wani ya biyo: "In kika je, kin kunyata ni gaban manyana." Na uku: "Don Allah, masoyiya, kada ki je." Wannan na ukun ya tsaya mini a rai. Maƙaryaci na yin barazana, na sani. Amma roƙo? Me zai rasa in ta je? Na juya abin har na gaji ban gano ba.

Ranar Litinin ya zo karɓar firam. Na ce gilashi ya ƙare. Akwai gilashi jingine a bango ya kai tsayinsa, yana gani. Ya juya ya fita.

Asabar ta zo. Na rufe shago, abin da ban taɓa yi ba sai don jana'iza, na raka ta. Maiɗakina ko sai kun dawo ba ta ce mana ba. Inci ta sa doguwar riga shuɗiya da takalmi mara tsini, ta riƙe 'yar leda mai nuna ciki, wadda ita kaɗai suke yarda a shiga da ita: biro uku, kalkuleta, katin shaida, da takardar shiga mai hotonta. A cikin bas tana ta motsa baki, tana ƙirga wani abu da yatsu.

A garinmu zaure ɗaya ake yin wannan takardar, a harabar wata makaranta. Ƙofa biyu ce. Babba ta ɗalibai, inda aka ja layi ana duba hoto da fuska. Ƙarama a gefe ta masu sa ido, da mai gadi zaune a kan kujerar roba. Layin ya kai mutum sittin. Akwai masu furfura, akwai mai ciki, akwai wani da rigar aikin dare a jikinsa bai ko je gida ba. Kowa da ledarsa, kowa ido ya faɗa.

Muna isa ƙarshen layin turaren ya bugi hancina.

Mutum uku a gabanmu, wani ya juya mana ƙeya. Ba kwat, ba taye. Riga mai gajeren hannu, da hular nan mai baki ya ja ta har gira. Amma takalmin mai tsini bai canja ba, turaren ma ya kasa haƙura da shi ko na rana ɗaya. A hannunsa na hagu, a manne da cinya, ga leda mai nuna ciki. Biro, kalkuleta, da takarda mai hoto.

Sai a lokacin kaina ya buɗe. Ashe ba karatunta yake ƙi ba, ba kuma auren yake wa gaggawa ba. Zaure ɗaya ne a garin. Shi ma takardar nan ce ta maƙale masa, kuma ya gwammace wahalar 'yata ta shekara shida ta mutu da ta gan shi a layi. Manyansa, da ranar, da waya ɗaya, duk don ya samu ya zauna a kujerarsa ba wanda ya san shi.

Na so in tare mata gani da jikina. Na makara.

Ta tsaya cak. Na ce, shi ke nan, abin da na yi kwana tara ina gudu ya same ta saura minti ashirin.

"Inci," na ce.

Ba ta ji ni ba. Ta fita daga layi ta taka har gabansa.

"Ina kwana. Ya taron ofis?"

Ya ɗago. Jama'a, na ga fuskoki da yawa a bayan gilashi, ban taɓa ganin wadda ta tsufa nan take irin wannan ba. Ya mai da ledar bayansa.

"A'a, ke ce? Ai... ai an roƙe ni ne in zo in taya su sa ido. Ƙungiyar ce ta kira ni jiya."

"Ayya. Sannu da ƙoƙari." Ta nuna da haɓa. "Masu sa ido ta waccan ƙofar suke shiga."

Mutanen layi suka fara juyowa. Mai cikin nan ta dube shi, ta dubi ledar da ke leƙowa ta bayansa, ta rufe baki da mayafi.

Ni a zatona nan zai saduda. Ina! Mutumin nan ya gyara hula, ya fita daga layi, ya nufi ƙaramar ƙofa yana taku ɗai-ɗai kamar mai duba gini. Mai gadin ko tashi bai yi ba.

"Malam, ina zuwa?"

"Ciki."

"Katin aiki."

Ya shafa aljihu, ya shafa ɗayan. Mai gadin ya leƙa ledar, ya ga takarda mai hoto, ya ce da ƙarfi yadda har na bakin titi zai ji, "Kai ɗalibi ne, koma layi. Kuma ƙarshe za ka koma, ba a ajiye wa kowa wuri."

Inci ta dawo inda nake. Idonta ya kawo ruwa amma bai zubo ba. Ta miƙo mini wayarta da jakarta, don ba a shiga da su.

"Za ki iya?" na ce.

"Ya ce ya duba aikina ban shirya ba." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ashe kwafa yake. Shi ya sa yake tafiya da littafina ya kwana biyu."

Ta share ido da bayan hannu, ta nuna hotonta, ta shige ba ta waiwayo ba.

Awa uku da kwata na yi a kan dakalin wani shago da ke kallon ƙofar. Wayarta ta yi ƙara sau goma sha ɗaya, duk uwarta. Tawa ta yi bakwai, duk Yaya. Na ɗauki ta ƙarshe.

"Kuna ina? Mutane sun cika falo! Bangon ma ba komai, ina firam ɗin Yallaɓai?"

"Ku ba su ruwa, Yaya. Yallaɓai yana taro."

Da aka buɗe ƙofa suka fito kamar waɗanda aka sallamo daga asibiti. Inci na cikin na ƙarshe, yatsunta duk tawada. Ta zauna kusa da ni ta cire takalmi ɗaya.

"Yaya?"

"Na amsa duka. Tambaya ta huɗu ce kawai ban gama ba." Ta murza ƙafarta. "Na zauna dai, Baba. Sauran sai sakamako ya fito."

Na ce alhamdulillahi, na kuma faɗa har cikin raina. Takardunta ba su mutu a falo ba.

Sai ta juyo ta kafe ni da ido. "Ɗazu ba ka yi mamaki ba. Na lura. Ka sani?"

Na so in ce a'a. Na gaji da ƙarya, tawa da ta wasu. Na ba ta labarin firam, da falankin bayan ƙofa, da bayan takarda mai sumul.

"Tun yaushe?"

"Kwana tara."

"Kwana tara kana kallona ina ba shi haƙuri a waya."

"E."

Ta mai da takalminta a hankali. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Muka taka zuwa tashar bas, ita a gaba, ni a baya da jakarta kamar ɗan dako. Sai da muka zauna, motar ta tashi, na kasa daurewa.

"Shi fa? Ya shiga?"

"Ya shiga. Lambarsa na bayan tawa da biyu. Ina jin yana ta goge-goge." Ta dubi taga. "Da muka fito ya tare ni a matakala. Ya ce karo na biyar ke nan. Ya ce a wancan garin ma saboda kunyarta ya nemi canji. Har da hawaye."

"Hawaye ai ba tsada. Sai me?"

"Ya ce in koya masa."

Na yi dariya har wani fasinja ya waiwayo. "Shi da zai zaunar da ke bayan aure! To me kika ce wa maƙaryacin?"

Ta karɓi wayarta daga hannuna, ta buɗe, ta tsallake kiran uwarta goma sha ɗaya ko kallo ba ta yi musu ba. Wani sabon saƙo ya shigo. Ta karanta, ta kifa wayar a cinya, ta ci gaba da kallon titi.

A gida, falo cike yake da manyan mutumin da ya so ya kashe mata shekara shida, suna jiran in ba su rana. A shago, takardarsa na cikin aljihun teburina. A gilashin tagar bas kuwa ina hango fuskar 'yata, kuma ni gilashi bai taɓa ɓoye mini komai ba.

Murmushi take yi.